Neman Sawun Ofisa: Rubutun Yadda Binciken Gidanmu Ke Tafiya

14 ga Janairu, 2024

Shekara goma ke nan ina cewa gobe zan fara wannan aiki. Abin da ya tashe ni tsaye rasuwar Baffa Babba ce a watan jiya. Ranar sadakar uku muna zaune a zaure, sai wani yaro cikin jikoki ya tambaya me ya sa ake ce wa gidanmu Gidan Ofisa, alhali ko ɗan sanda ɗaya ba mu da shi. Manya huɗu suka ba shi amsa huɗu. Wani ya ce kakanmu ya yi yaƙin Tonawa, wato mutanen Ashanti, a Gwanja. Wani ya ce da shi Turawa suka shigo Kano. Na uku ya ce a Kamaru ya gwabza da Jamus. Baffa Ƙarami ya tattara duka ya ce ai mutum ɗaya ne ya yi ukun, kuma hafsa ne sosai, har Turawa sara masa suke yi.

Da na koma ɗaki na ɗauki biro na yi lissafi. Ingila ta kai wa Kumasi, babban birnin Tonawa, yaƙi a 1874, ta koma a 1896, ta sake komawa a 1900. An ci Kano a 1903. Yaƙin Kamaru ya fara a 1914, ya ƙare a 1916. In na farkon ake nufi, to mutumin nan ya yi shekara arba'in da biyu yana saɓe da bindiga. Ba na jin haka.

Abin da muke da shi a hannu: adaka ɗaya a ɗakin Gwaggo a Fagge, da Gwaggon kanta, wadda ta haura tamanin da biyar.

27 ga Janairu

Gwaggo ta buɗe adakar, bayan na je sau uku tana cewa ba ta ga makulli ba. Ashe yana ɗaure a bakin zaninta. Ni takwaran mahaifinta ne, don haka ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Babana, ka duba a nan gabana, ba a fita da su. Kuma kada ka ce za ka goge su da toka, haka na gaje su."

A ciki akwai jar dara da asu ya cinye rabinta, da hoto ɗaya, da minda biyu, wato lambobin yabo na soja, a ƙulle cikin tsumman saƙi.

Ta farko tauraruwa ce ta tagulla, ta yi baƙi, mai tsini huɗu da gicciye a tsakaninsu. A tsakiya akwai kambi, an kewaye shi da rubutun Ashanti 1896. A bayanta kalma uku na Turanci, ma'anarsu "daga Sarauniya". Na juya ta na sake juyawa ina neman suna, babu. Daga baya na karanta cewa haka aka raba ta, ba a buga sunan kowa ba.

Ta biyu azurfa ce, zagayayya, da kan Sarki Edward na Bakwai. A samanta akwai ɗan siririn ƙarfe an rubuta N. Nigeria 1903. Wannan kam tana magana. A gefenta, inda yake kamar bakin kwabo, an buga lamba, da muƙami, da suna, da runduna. Sai da na haska da fitilar waya na karkata ta kafin na iya karantawa. Muƙamin da ke jiki kofur ne. Ban faɗa wa Gwaggo ba.

Hoton na wani dattijo ne a zaune kan kujera, da kaki, da dara, wani saurayi dogo yana tsaye a bayansa ya ɗora hannu a kan kujerar. Gwaggo ta nuna na zaune ta ce wannan ne Ofisa. Ta nuna na tsaye ta ce wannan kuma Samanja, kakanta, wanda ta taras da rai tana ƙarama, yana tauna goro da dasashi. To ga amsar lissafina: mutum biyu ne, bakin zuriya ya narka su ya zama ɗaya.

3 ga Fabrairu

Yau shekara 121 cif da cin Kano. Da la'asar na hau babur na je Ƙofar Kabuga na tsaya, ba don wani abin gani ba, motoci ne kawai da 'yan adaidaita.

Kanar Morland ya taso daga Zariya ranar 29 ga Janairu, 1903. Turawan da ke tare da shi ba su kai arba'in ba. Sojoji baƙar fata kuwa sun haura 700, ga igwa huɗu, ga mashinga huɗu. Sun fasa Bebeji a hanya. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin. Tun muna firamare ake koya mana "Turawa sun ci Kano", kuma ni a raina farare nake gani jere. Ban taɓa tsayawa na ƙirga waɗanda suka ja kunamar bindigar ba. Yanzu ga azurfa a ɗakin Gwaggo tana gaya mini kakan babana yana cikin rundunar da ta yi wannan yaƙi.

Ɗan ƙarfen 1903 ɗin bai tsaya kan Kano kaɗai ba. Ya haɗa da Sakkwato a watan Maris, da Burmi a ƙarshen Yuli, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Na dawo gida ban ci abincin dare ba, uwargida ta ɗauka zazzaɓi ne.

25 ga Fabrairu

Mako uku ina karatu kan inda wannan soja ya samo asali, don in gane wace irin "ofisa" baƙar fata zai iya zama a zamanin.

Tushen yana Ikko, wato Legas. A 1863 wani hafsan jiragen ruwan Ingila, John Glover, ya tara wasu 'yan Arewa kaɗan ya ba su bindiga. Yawancinsu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa. Ana ce musu Hausawan Glover. Ba cikakkun soja ba ne, ba kuma 'yan sanda zalla ba, dakaru ne na tsaron mulkin Ikko, yau gadi gobe yaƙi. Sojan Najeriya har yanzu daga nan yake ƙirga shekarunsa. A 1873 Glover ya kwashe su zuwa bakin kogin Volta don yaƙin Tonawa, ya kuma buɗe ɗaukar kurata a Ankara ta Gana, inda bayi suka riƙa tserewa suna shiga, masu su suna biyo su da rigima. A 1879 aka kafa wa Gwal Kwas, wato Gana ta yau, tata rundunar Hausawan. Ita ce ta zama rajimantin Gwal Kwas a 1901, bayan an haɗe rundunonin yankin a ƙarƙashin WAFF, rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897.

Ga inda zancen Baffa Ƙarami ya sami ƙafa ɗaya. A tsohuwar rundunar Hausawan Gwal Kwas akwai wani muƙami na hafsan 'yan ƙasa, sama da samanja. Wanda ya daɗe, ya yi jarumta, sojoji kuma suna jin maganarsa, shi ake ba. Don haka "Ofisa" ba ƙarya ba ne. Ɗaya ƙafar ce babu. Hafsan 'yan ƙasa komai furfurarsa yana ƙarƙashin ƙaramin Bature da ya sauko daga jirgi jiya. Kuma bayan haɗewar rundunoni muƙamin ya shuɗe, samanja ya zama ƙololuwar baƙar fata. A wannan runduna ba a ba baƙar fata anini irin na Bature ba sai 1942, da aka ba Seth Anthony na Gwal Kwas. A Najeriya sai ƙarshen shekarun 1940. Zancen Turawa na sara wa kakanmu, in ji ni, ƙarin gishiri ne na zaure.

20 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu, amma bayan tarawihi nakan zauna awa ɗaya. Gidan ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew ya sa rajistar waɗanda aka ba minda a intanet, a rukunin da suke kira WO 100, kuma kyauta ake saukewa. Kyauta a wajensu. Ni kam data ta sha kashi, don kowane kundi ɗaruruwan shafuka ne na hoton rubutun hannu.

Samanja bai ba ni wuya ba, tunda ina da lambarsa. Na same shi, lamba da suna sun dace da na jikin azurfar. Na daɗe ina kallon layin. Wani akawu ne ya rubuta shi cikin sauri, tsakanin mutum biyu da ba wanda zai taɓa nemansu.

Ofisa ne matsala. Babu lamba, sai suna, kuma sunan irin wanda kowane gida ke da shi ne. Akawunan Turawa kuma yadda kunnensu ya ji haka suke rubutawa. Muhammadu kaɗai na gan shi Mahama, na gan shi Mama, na gan shi Momo. Ibrahim ya koma Braima, Audu ya koma Awudu. Sunan uba kusan babu. Abin da ake yi shi ne sunan yanka sai a liƙa masa gari ko ƙabila: wane Kano, wane Katsina, wane Moshi, wane Fulani, wane Grunshi. Wanda aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo, cikin Agusta 1914, sunansa a takarda Alhaji Grunshi. Kuma rundunar tasu Hausawa ake ce mata.

Wannan ya tsaya mini a rai. A bakin Bature na lokacin, "Hausa" kusan sunan sana'a ne. In ka fito daga arewa, ka sa kaki, ka ji umarni da Hausar bariki, shi ke nan ka zama.

12 ga Afrilu

Barka da Sallah. A gaisuwar Sallah na samu lambar 'yar'uwarmu ta Zangon Kumasi, jikar ɗaya daga cikin 'ya'yan Ofisa mata. Mun yi kusan awa a WhatsApp. Hausarta ta can ce, namiji da mace duk "ya" take ce musu, sai da na riƙa tsayar da ita ina tambaya wa take nufi.

Ta ce akwai takardu da. Akwai takardar sallama, akwai littafin fansho, akwai takobi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Gana. Rabin gidan suka tattara suka yo Najeriya a bayan manyan motoci, rabi suka laɓe. Akwatin takardun ya bi waɗanda suka taho, kuma bai iso Kano ba. Takobin an sayar a kan iyaka an ci abinci. Ta faɗe shi ba tare da wani jimami ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara.

Na ce mata, "Hajiya, to Samanja fa, shi ne babban ɗan Ofisa ko?" Ta yi shiru. Sai ta ce, "Ka tambayi Gwaggonka." Layi bai katse ba, ita ce ta sauya zance.

30 ga Mayu

Na yi kwana biyu a wani gidan ajiyar takardu, ba zan faɗi wanne ba. Ranar farko babu wuta kuma mai makullin ɗakin ya tafi ɗaurin aure. Rana ta biyu aka kawo mini fayil uku cikin bakwai da na cike takarda a kansu. Ɗaya gara ta yi masa ƙofa tun daga bango har bango. Ban samo komai a kan mutanena ba. Kuɗin mota dai ya tafi.

22 ga Yuni

Na sa an wanke hoton an faɗaɗa shi a wajen wani mai hoto, don in raba wa dangi a Babbar Sallah. Da aka faɗaɗa sai abin da ƙaramin hoto ya ɓoye ya fito. Fuskar Ofisa tana da zane irin wanda na saba gani a fuskar tsofaffin Kanawa. Fuskar Samanja daban. Tsaga ce mai yawa, ta sauko daga goshi ta bi kumatu har haɓa, ga wata ta gilma daga karan hanci. Ba uban da zai kai ɗansa wajen wanzami a yi masa askar da ba ta gidansu ba.

Na kai wa Gwaggo jiya bayan sallar isha'i, lokacin da gidan ya yi tsit. Ta sa tabarau ta kalla, ta cire, ta ce in tura ƙofa.

Ga abin da ta ce, yadda na iya riƙewa. Ofisa Bakano ne, yaron wani madugu. Ya bi ayarin goro zuwa Gwanja yana saurayi, ayarin ya watse, bashi ya hau kansa, ya gangara kudu ya shiga soja. Bai haifi ɗa namiji da ya rayu ba. Wata shekara aka tura shi arewa neman kurata, ya biya ta Salaga. A kasuwar ya ga wani yaro ɗan shekara takwas ko tara a ɗaure, cikin waɗanda mayaƙan Zabarmawa suka kamo daga ƙasar Gurunshi. Ya biya kuɗinsa. Yaron ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ofisa ya raɗa masa suna, ya sa aka yi masa kaciya, ya sa shi makarantar allo a bariki. Shi ke wanke masa kaki, shi ke ɗaukar masa buta. Da ya girma ya shiga soja shi ma, ya bi sojojin Najeriya da suka zo yaƙin 1900 ya koma tare da su, kuma da akawu ya tambaye shi garinsu sai ya ce Kano, garin da bai taɓa gani ba.

Ta ce, "Farkon ganinsa da Kano, Babana, ta bakin bindiga ya gan ta."

Na tambaye ta ko ya taɓa faɗin sunansa na fari. Ta ce sau ɗaya, yana ciwon ajali, ya yi ta wata magana da ba wanda ya gane, yana maimaita wata kalma. Kakarta ta ce sunan uwarsa yake kira. Gwaggo tana da shekara bakwai, ta riƙe kalmar wani lokaci, daga baya ta ɓace mata.

Abin da ta faɗa ya zauna daidai da abin da aka sani. Mayaƙan Zabarmawa, waɗanda Babatu ya jagoranta daga baya, sun yi shekaru suna kai hari ƙasar Gurunshi, a arewacin Gana da kudancin Burkina Faso na yau, kuma Salaga ce babbar kasuwar da ake kai kamammun kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin. In yaron yana da shekara tara kafin wannan, to a 1903 yana cikin shekarunsa na ashirin da 'yan kai. Daidai shekarun kofur.

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba a taɓa faɗa mana ba?" Ta ce, "Wa zai ba ku mata?"

7 ga Yuli

Na yi kuskure na faɗa wa Baffa Ƙarami kai tsaye, a zaure, da mutum biyu a wurin. Ya ce boko ya lalata ni, na je na tono abin da zai sa a riƙa nuna 'ya'yansa da baki. Ya ce Gwaggo ta tsufa, ruɗewa take yi. Ya ce ɗan da mutum ya raina ya raɗa wa suna ai ɗansa ne. A wannan na ƙarshen ban yi masa musu ba, don Ofisa da kansa haka ya ɗauke shi, tauraruwarsa ma shi ya bar wa. Amma Baffa ba wannan yake karewa ba. Shekara saba'in yana alfahari da cewa kakansa ya yi wa Nasara aiki har ya ci Kano, bai taɓa jin kunyar wannan ba. Abin da ya hana shi barci yaro ne ɗan shekara tara da igiya a wuya, wanda bai yi wa kowa laifi ba.

Ya hana a raba hoton da aka faɗaɗa. Na bi umarninsa, kwafi ashirin suna cikin durowata.

18 ga Satumba

Kumasi. Na biyo ta Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, na kwana Ankara, na hau mota da safe.

Hajiya ta sa jikanta ya kai ni tsohuwar ganuwar Turawa da ke tsakiyar gari, jan gini, wanda yanzu gidan tarihin soja ne. A nan aka tsare Gwamna Hodgson a 1900, bayan ya nemi a kawo masa kujerar zinariyar Tonawa ya zauna, Yaa Asantewaa, wata sarauniyar Tonawa, ta ta da yaƙi. Gwamnan ya fasa ya gudu a watan Yuni, ya bar Turawa uku da sojan Hausa sama da ɗari a ciki, yunwa da cuta suna ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, har Kanar Willcocks ya iso da sojojin WAFF a tsakiyar Yuli. Mai zagayawa da mu Batone ne, yana ba da labarin da ɗaci kamar jiya aka yi. Da ya ji daga inda na zo da abin da ya kawo ni, ya yi dariya ya ce, to kai jikan waɗanda suka ƙone mana gari ne. Na ce masa nawa garin ma ba su bar shi ba.

Da yamma Hajiya ta kira wata tsohuwa maƙwabciyarta, 'yar arewacin Gana, ta nuna mata hoton. Tsohuwar ta bi tsagar da ɗan yatsa, ta ce irin ta mutanen wajen Tumu ce ko tsallaken iyaka, amma tsagar ta yi kama da juna a garuruwa da yawa, sai dai in kai wa dattawan can su gani.

Kabarin Ofisa ba a san wurinsa ba, an daɗe da yin gini a kan tsohuwar maƙabartar. Mun yi masa addu'a a tsakar gida.

10 ga Nuwamba

Inda aiki ya tsaya. Samanja: akwai lamba, akwai runduna, akwai 1903 a rubuce. Zancen Kamaru har yanzu na baki ne, zan nemi sunansa a rajistar mindar yaƙin 1914. Ofisa: na rage masu irin sunansa zuwa biyu. Wani ɗalibin tarihi a Jami'ar Gana da ke Legon ya yarda zai duba mini kundin gwamnatin Gwal Kwas a gidan ajiyar takardu na Ankara, inda ake sa naɗin muƙamai da fansho, in na tura masa kuɗin mota. Na tura.

Tumu sai bayan girbi, in Allah ya kai mu, kuma sai na sami mai yi mini tafinta.

Shekaranjiya 'yar Baffa Ƙarami ta biyu, wadda ke aji uku a jami'a, ta zo gidana wai ta zo gaida uwargida. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, hoton nan da Baba ya hana, akwai saura?" Na buɗe durowa na ba ta ɗaya. Ta naɗe shi cikin hijabi. Saura goma sha tara.